Motar Lantarki Ko Ta Haidurojin: Wacce Ta Dace Da Direban Hanyar Jidda, Makka Da Madina?

Motocin da ba su da salansa sun fara yawa a titin Jidda zuwa Makka. Akwai Lucid, wadda ake harhaɗawa tun watan Satumba na 2023 a birnin kasuwanci na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig. Akwai BYD ta ƙasar Sin da ta buɗe shago a Riyad a 2024, sai Tesla da ta shigo Saudiyya a Afrilun 2025. A ɗaya gefen kuma kunnuwa sun cika da labarin iskar haidurojin: katafariyar masana'antar da ake ginawa a Neom da ke arewa maso yammacin ƙasar, jirgin ƙasan da aka gwada a Riyad a 2023, da motar da aka ce ruwa zalla take fitarwa, kuma minti biyar ya isa a cika tankinta. Shi ya sa tambaya ɗaya ke ta yawo a majalisun 'yan uwanmu direbobi da masu ƙananan kamfanonin jigilar masu Umara: in motata ta tsufa, in sayi ta lantarki, ko in ƙara haƙuri har ta haidurojin ta iso?

Amsata ita ce kada kowa ya zauna jiran motar haidurojin. Zaɓin da ke gaban mai ƙaramar mota ko mai ƙaramar bas a yau yana tsakanin ta lantarki da mai haɗin fetur da batir, kuma abin da zai raba gardamar shi ne inda motar take kwana. Haidurojin yana da aikin da zai yi wa duniya, amma ba a ƙofar gidanmu aikin yake ba. Ga dalilaina.

Motar lantarki da ta haidurojin, dukansu biyun lantarki ne ke juya tayoyinsu. Inda suka rabu shi ne wurin ajiye ƙarfin. Ta lantarki tana ɗauke da babban batir a ƙarƙashin kujeru, a jona shi da wuta ya cika, a tuƙa ya sauka. Ta haidurojin kuwa tana ɗauke da tankunan iskar da aka danna da ƙarfin gaske, kusan ninki ɗari uku na iskar da ke cikin tayar mota. Iskar tana shiga wani akwati da ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa, haɗuwar ta haifar da wutar lantarki da ruwa, wutar ta tafi ga tayoyi, ruwan ya ɗiga ƙasa. Toyota Mirai, wadda ta fito a ƙarshen 2014, da Hyundai Nexo su ne fitattun ƙananan motoci irin wannan. Mirai ta yanzu tana ɗaukar kilo 5.6 na haidurojin, tana iya kai wa kilomita 600 da cika ɗaya.

Matsalar ita ce, ba a haƙo haidurojin a zuba a tanki yadda ake haƙo mai. Ƙera shi ake yi, kuma ƙera shi yana cin ƙarfi. In za a ciro shi daga ruwa ta hanyar wutar lantarki, kilo ɗaya yana cin yunit 50 zuwa 55 na wuta, wato irin yunit ɗin da ake rubuto mana a takardar kuɗin wuta. Bayan haka sai a ƙara wata wutar a matse shi, a ɗora a tanka a kai tasha, a sanyaya shi kafin a ɗura, sannan akwatin cikin mota ya mayar da shi wuta, kuma a nan ma kusan rabin ƙarfin zafi yake zama ya bi iska. Kilo ɗayan nan tafiyar kilomita ɗari yake yi, ko ya ɗan haura. Motar lantarki mai girman Camry kuwa yunit 18 zuwa 20 take ci a kilomita ɗari, har da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne. Ke nan wutar da za ta kai motar haidurojin daga Jidda zuwa Makka za ta kai motar lantarki sau uku. Kamar mutum ya kai mudu uku na gero inji ne, ya dawo da garin mudu ɗaya. Injiniyoyi suna ta rage asarar, amma kowane juyi daga wuta zuwa iska, daga iska zuwa wuta, sai ya ci rabonsa.

To, maganar hayaƙi fa, wadda ita ce asalin dalilin duk wannan sauyi? A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa dillalan motar lantarki daɗi ba. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Motar da ke shan lita 8 a kilomita ɗari tana sakin kilo 18 ke nan, ban da abin da aka saki wajen haƙo man da tace shi. Motar lantarki ba ta da salansa, amma wutar Saudiyya kusan dukkanta daga ƙona gas da mai take fitowa, kuma kowane yunit yana zuwa da fiye da rabin kilo na kabon. In muka ɗauki kilo 0.6, yunit 20 ya ba mu kilo 12. An samu ragi na kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai dai bai kai sifirin da ake mannawa a bayan motocin ba.

Haidurojin kuma ya danganta da inda ya fito. Kusan duk wanda duniya ke amfani da shi a yau daga gas ko kwal ake ciro shi, mai tsabtar cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kilo ɗaya na wanda aka ciro daga gas yana barin kimanin kilo 10 na kabon a masana'anta, kafin a lissafa matsewa da jigila, don haka sakamakonsa bai fi na motar lantarki ba. In kuwa aka ɗauki wutar layin Saudiyya ta yau aka raba ruwa da ita, yunit 55 ya zama kilo 33 na kabon a kilomita ɗari, kusan ninki biyu na motar fetur. Sai wanda aka yi da hasken rana da iska ne yake da tsabta da gaske, shi kuma mun ga cewa wutar da aka kashe masa za ta ciyar da motoci uku.

Akwai abin da wannan lissafi ya fito da shi wanda na ga ba a cika faɗa ba. Camry mai haɗin fetur da batir, wadda tasi-tasi da yawa suka koma kanta, tana shan kusan lita 5 a kilomita ɗari, wato kilo 11 zuwa 12 na kabon daga salansa. A yanayin wutar ƙasar nan na yanzu, tazararta da motar lantarki ba ta da yawa. Abin da ya fifita ta lantarki shi ne gobe. Mai fetur yadda ka saye ta haka za ta ci gaba da hayaƙi har ta shiga tashlih, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, ita kuwa ta lantarki tana ƙara tsabta duk shekarar da aka ƙara wutar rana a layi. An buɗe gonar wutar rana ta Sakaka mai megawat 300 a 2021, ta Sudair mai megawat 1,500 ta biyo baya, ga kuma na Shu'aiba a kudancin Jidda masu fiye da megawat 2,000. Manufar gwamnati ita ce rabin wutar ƙasa ya fito daga rana da iska zuwa 2030. Tafiyar tana da sauran nisa, amma alƙiblar a bayyane take, kuma motar da aka saya bana za ta yi shekara goma sha biyar a titi.

Sannan kabon ba shi ne kaɗai hayaƙi ba. Wanda ya taɓa maƙalewa a cikin ramukan dutse na Makka a goman ƙarshe na Ramadan ya san ɗayan hayaƙin, wanda ke yaji a ido, ya kama maƙogwaro, ya tayar wa mai asma ciwonsa. Haka a filin Masallacin A'isha da ke Tan'im, inda motoci ke jere injinansu a kunne don sanyi, direbobi suna jiran fasinja su ɗaura harami su yi nafila. Injin fetur da ke tsaye da mukayyif yana shan abin da ya kai lita ɗaya a awa, hayaƙin kuma yana tafiya kai-tsaye fuskar tsofaffin da ke wucewa ta bayan motar. Motar lantarki a wannan tsayuwar yunit ɗaya ko biyu za ta ci, ba ƙara, ba wari. A wannan fage ita da ta haidurojin kunnen doki suka yi, dukansu sun fi mai haɗin fetur. Ni wannan ribar ta fi taɓa zuciyata, domin ba sai an jira shekara ashirin za a gan ta ba.

Mu zo kan kuɗi. Tun Yulin 2021 aka tsayar da farashin fetur mai lamba 91 a riyal 2.18, mai lamba 95 kuma a riyal 2.33. Lita 8 ta kama riyal 17 da rabi a kilomita ɗari. Mai haɗin batir ta kama riyal 11. Wutar gida halala 18 ce (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura a biya halala 30. Yunit 20 ke nan riyal 4 ne har da haraji, ko kusan riyal 7 in gidan ya tsallake iyaka, kamar yadda manyan gidaje kan yi a watannin zafi. Direban da ke yin kilomita 300 a rana zai kashe riyal 52 a fetur, ko riyal 12 a wutar gida. Rarar riyal 40 kullum, riyal 1,200 a wata, ban da canjin mai da filogi da tata da ya huta da su. Magidancin da motarsa makaranta da kasuwa da masallaci kawai take zuwa, yana yin kilomita 1,500 a wata, rararsa riyal 200 ce. In muka ɗauka motar lantarki ta fi takwararta tsada da riyal 30,000, direban zai mayar da kuɗinsa cikin shekara biyu da wata ɗaya, magidancin kuwa sai ya haura shekara goma sha biyu. Arhar fetur a ƙasar nan ta sa lissafin bai yi daɗin da yake yi a Turai ba. Kuma duk wannan a kan cajin gida ne. Cajin tasha mai sauri ya fi tsada, yana cinye kaso mai yawa na rarar.

Kuɗin haidurojin ba shi da allon farashi a titunanmu, domin babu gidan man da talaka zai shiga ya ce a cika masa. Tashar farko a ƙasar Aramco da kamfanin Air Products na Amurka ne suka buɗe ta a Zahran a watan Yunin 2019, don gwajin wasu motocin Mirai, kuma abin da ya biyo baya duk na gwaji ne a hannun kamfanoni da hukumomi. Don sanin yadda abin yake in ya fita daga gwaji, sai mu dubi Kalifoniya a Amurka, inda aka fi sayar wa mutane Mirai. Can kilo ɗaya ya kai dala 36, wato riyal 135 a tafiyar da fetur ɗinmu ke yi da riyal 17. A Fabrairun 2024 kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motoci a jihar, sauran tashoshin kuma suna yawan lalacewa ko su ƙare, masu motoci suka riƙa layi, darajar motocin ta faɗi warwas a kasuwar na-hannu. A 2024 an sayar da motocin da ake cajawa fiye da miliyan 17 a duniya, sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. Motocin haidurojin kuwa, duk waɗanda ke yawo a duniya tun farkon fitowarsu ba su wuce kusan dubu ɗari ba. Inda kasuwa ta karkata, can kayan gyara da makanikai da masu saye suke taruwa.

Za a ce, ai Neom na tafe. Gaskiya ne, aikin babba ne: ACWA Power da Air Products da Neom sun zuba dala biliyan 8.4, da wutar rana da ta iska mai kusan megawat 4,000, don samar da har tan 600 na haidurojin mai tsabta a rana. Amma an tsara shi ne a mayar da haidurojin ɗin amoniya, a loda a jiragen ruwa zuwa ƙasashen waje, kuma Air Products ya riga ya ƙulla yarjejeniyar sayen duk abin da za a samar na shekara 30. Can kuma shi ne muhallinsa na gaskiya: takin zamani, matatun mai, narka ƙarfe, man jiragen ruwa, wuraren da batir ba zai iya shiga ba. Ko da za a karkato da shi cikin gida, sai an gina tashoshi, kowace ɗaya tana cin miliyoyin riyal, alhali wayar lantarki ta riga ta shiga kowane gida daga Jizan har Tabuk.

Ta shiga kowane gida, amma ba ta kai ga kowace mota ba, kuma nan ne babban cikas ɗin mutanenmu. Je ka Shara Mansur ko lungunan Rusaifa a Makka bayan sallar isha'i ka gani. Motoci sun yi sahu biyu, wata ta hau dakali, wani ya bar lambar wayarsa a gilashi don a kira shi in ya tare hanya. Yawancinmu a hawa na uku ko na huɗu muke haya, mitar wuta tana can ƙasan bene, kuma inda ka ajiye mota jiya ba lalle ka samu yau ba. Wani dattijon direba da ya shekara da shekaru a hanyar filin jirgi ya saurari wannan lissafin nawa na riyal 40 har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, lissafinka ya yi. To a ina zan jona ta? In zuro waya ta taga daga hawa na uku, yara suna wasa a ƙasa?" Na ce, "Baba, kada ma a fara. In babu wurin kwana na dindindin mai mitarka a kusa, wannan motar ba taka ba ce tukuna." Wayar da aka zuro ta taga za ta yi awa goma tana jan wuta mai nauyi cikin zafi, kuma haka gobara ke farawa. Cajar gida ta gaskiya, mai kilowat 7, ƙwararren ma'aikaci ne ke kafa ta da sanin kamfanin wuta da yardar mai gida, tana cika batir mai yunit 60 cikin awa takwas zuwa tara. Wanda ke da gareji ko harabar gida, ko kamfanin da ke da filin da motocinsa ke kwana, shi ne ya samu gidan mai a cikin gidansa.

Tashoshin kan hanya suna ƙaruwa. A 2023 asusun zuba jari na gwamnati da kamfanin wutar ƙasa suka kafa kamfanin EVIQ, da burin kafa cajoji masu sauri 5,000 zuwa 2030. Zirga-zirgar Jidda da Makka, kilomita 80 ko ɗan fiye, ba ta ma buƙatar su in an fito da batir cike. Hanyar Madina ce gwaji. Kusan kilomita 450 ce daga Makka, an yarda a yi gudun 140 a wasu sassanta, kuma gudu yana zuƙe batir fiye da komai, har fiye da mukayyif. Motar da takardarta ta ce kilomita 450, a gudun 120 da fasinja huɗu da jakunkuna da jarkokin zamzam, ka sa ran kilomita 300 ko ƙasa. Dole a tsaya sau ɗaya, kimanin rabin awa, daga kashi 10 zuwa kashi 80. Rabin awa ba asara ba ce ga matafiyin da dama zai tsaya salla da cin abinci. Asarar tana zuwa ne in ka tarar da cajar a lalace ko motoci uku a gabanka, fasinja kuma suna da jirgin da za su kama. Wanda hanyar Madina ce abincinsa na kullum, ya bi ta da kansa ya ƙirga cajojin da ke aiki kafin ya sa hannu a takarda. A nan ne motar haidurojin za ta yi fice da a ce akwai tasha, minti biyar ka wuce. Amma babu.

Zafi kuma kowa ya san ba wasa ba ne. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Harami ya kai digiri 51.8. Batir ba ya son zafi, yana tsufa da wuri in ana barinsa cike taf a rana, ko ana yi masa caji mai sauri yana tafasa. Nissan Leaf ta farko, wadda iska kawai ke sanyaya batirinta, ta sha wahala a jihar Arizona mai zafi irin namu, batura suka raunana cikin shekara biyu. Yawancin motocin yanzu ruwan sanyi ke zagaya batirinsu, kuma wannan shi ne abu na farko da mai saye zai tambaya. Na biyu shi ne irin batirin. Wanda ake kira LFP, irin na BYD, ya fi jure zafi da yawan caji, ko da yake ya fi nauyi. Akwatin haidurojin shi ma bai tsira ba. Yana aiki ne a zafin da bai wuce digiri 80 ba, don haka in iskar waje ta kai 50, fitar da zafinsa yana buƙatar lagireto babba, kuma a hawa irin na Hada zuwa Ɗa'ifa ƙarfinsa na iya raguwa. Yana shaƙar iska mai yawa wadda dole ta zama tsaf, ga mu a ƙasar ƙura. Tasharsa ma sai ta sanyaya iskar zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri kafin ta ɗura da sauri. A gangaren Hada kuwa duk motar da ke da batir tana mayar da wuta cikinsa maimakon ta ƙona birki, kuma mai babban batir ta fi cin wannan riba.

Tsoron fashewa ko gobara yana kan kowannensu. Gobarar batir ba ta da yawa, amma in ta tashi tana da wuyar kashewa. Tankin Mirai yana da ƙwari ƙwarai, sai dai yana da ranar ƙarewar aiki da aka rubuta a jikin motar, kuma a 2019 wata tashar haidurojin ta fashe a kusa da Oslo a Norwe. Fetur ɗin da muka saba da shi ma wuta ne. Ban ga wannan ya isa ya zama dalilin zaɓi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sana'iyya, wato unguwar garejojin gyaran mota. Samarinmu da yawa da gyaran mota suke ci, kuma Camry ko Hiace in ta tsaya, kafin la'asar an samo kayanta a tashlih an ɗaura. Motar lantarki ba ta cika lalacewa ba, amma in ta lalace sai wakilin kamfani, wani lokaci a yi makonni ana jiran kaya. Batirinta yana ɗauke da bolt 400, wasu 800, wanda ya taɓa shi da jahilci ba zai ba da labari ba. Wannan ya sa masu saye a haraj, wato kasuwar motocin na-hannu, suke ɗari-ɗari da ita, farashin ta-hannu yake faɗuwa fiye da na Toyota. Ina ganin duk yaron da ke koyon aikin wayarin mota yau ya kamata iyayensa su tura shi ya koyi wannan fanni da takardar shaida, domin Ceer, kamfanin da gwamnati ta kafa da Foxconn a 2022, da Lucid, duk a kusa da Jidda suke, kuma gwamnati ta yi alkawarin sayen motocin Lucid har 100,000 cikin shekara goma. Motocin nan za su tsufa, za su nemi mai gyara. Na haidurojin kuwa, ko wakilin da zai karɓe ta sai an tona.

Manyan motoci su ne inda masu goyon bayan haidurojin suke da hujja mai nauyi. Bas ɗin cikin gari dai an gama magana: hanyarta sananniya ce, tana kwana a gareji ɗaya, lantarki ya ishe ta. Birnin Monfeliye na Faransa ya yi odar bas 51 na haidurojin, sai a farkon 2022 ya soke ya koma na lantarki, bayan ya lissafa cewa kuɗin tafiyar da su zai ninka sau shida. Bas-bas ɗin alhazai kuwa lamarinsu daban ne. Dubbai ne, suna aiki ba dare ba rana na 'yan kwanaki, cikin cunkoso da tsananin zafi. Bas dubu ɗaya masu batir na yunit 350 suna buƙatar yunit 350,000 a cika ɗaya, kuma kafa cajojin da za su ba da wannan a dare guda, don aikin mako ɗaya a shekara, kuɗi ne mai yawa. Haidurojin zai rage jiran, amma sai an jero tankoki daga nesa a ranakun da tituna suka fi cushewa. A ganina amsar Mina da Arafa da Muzdalifa ta riga ta bayyana tun 2010 da aka buɗe jirgin ƙasa na Masha'ir, kamar yadda jirgin ƙasa na Haramain ya ɗauke wa hanyar Makka da Madina nauyi tun 2018. Dukansu da waya suke jan wuta, ba batir, ba tanki, kuma ba motar da za ta kamo su wajen rage hayaƙi a kan kowane fasinja.

Tirelar da ke ɗaukar kwantena daga tashar ruwan Jidda zuwa Riyad, kusan kilomita 950, ita ce wadda har yanzu ba a yanke hukunci a kanta ba. Batirin da zai ja tan arba'in yana da nauyin tan uku zuwa huɗu, kuma kowane tan na batir ragi ne a kaya. Hyundai tana da tirelolin haidurojin da ke aiki a Suwizalan tun 2020. Sai dai kamfanonin Amurka biyu da suka dogara a kan wannan fata, Nikola da Hyzon, duk sun durƙushe a farkon 2025, yayin da Mercedes ta fito da tirelar lantarki mai yin kilomita 500 da caji ɗaya, ƙasar Sin kuma ta cika hanyoyin ma'adinai da tashoshin ruwanta da manyan motocin da ake sauya musu batir cikin mintuna. Dizal a nan ya tashi daga halala 80 zuwa riyal 1.15 a 2024, ya koma riyal 1.66 a 2025, don haka masu tireloli su sa ido. Idan haidurojin zai samu gurbi a titin Saudiyya, a irin wannan doguwar hanya zai samu, a hannun babban kamfani mai tashar kansa a kowane ƙarshe. Mai tirela ɗaya ko biyu ba shi ne zai fara ba.

Kada kuma mu manta batir daga ƙasa ake tono shi. Ƙera motar lantarki yana sakin kabon fiye da ƙera ta fetur, bashin da take biya a shekarunta na farko, kuma mai yawan tafiya ya fi saurin biya. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Kongo yake fitowa, inda ake samun yara a ramukan haƙa, abin da ya ƙara sa nake fifita LFP da ba ya buƙatarsa. Litiyom kuwa har a gida ana tono shi, an buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a 2024. Akwatin haidurojin shi ma yana buƙatar filatinam, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu.

Saboda haka mai harabar gida ko filin kamfani, wanda ke yin kilomita 200 zuwa 300 a rana tsakanin Jidda da Makka da cikin gari, ya sayi ta lantarki, shi ne ya fi kowa cin riba a aljihu da kuma a iskar da fasinjansa ke shaƙa. Mai haya a bene, da wanda kullum yana hanyar Madina ko Riyad, ya ɗauki mai haɗin fetur da batir, ya rage kashi ɗaya cikin uku na mansa tun daga ranar farko, ya sake duba lamarin in lokacin canjin mota na gaba ya zo. Wanda ke da niyyar aika motar gida Kano ko Maraɗi bayan wasu shekaru ya tuna cewa can sai da faifan sola masu yawa za ta yi amfani.

Wanda ya yanke shawarar sayen ta lantarki, musamman ta-hannu, ya nemi a jona ta da kwamfuta a nuna masa lafiyar batirin a rubuce, kada ya tsaya ga lambar kilomita da ke kan allo. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma a karanta da kyau ko garantin yana bin mota in ta sauya hannu, kuma ko ya shafi motar haya, domin wasu suna rage shi ga mai aikin tasi, direban da ke yin kilomita 300 a rana kuwa zai cinye 160,000 kafin shekara biyu. Motar da wani ya shigo da ita da kansa daga Sin ba ta hannun wakili ba, a duba bakin cajinta, don na can ya bambanta da na tashoshin nan. A tambayi kuɗin ta'amin, wato inshora, kafin a biya kuɗin mota. Gwajin tuƙi kuma a yi shi da azahar a watan Agusta, mukayyif a ƙure, a kan babban titi, a ga yadda kashin batirin ke sauka a kilomita hamsin.